Fistin na Huɗu

Bunyaminu ya tarar da injin motarsa gunduwa-gunduwa a kan tabarma, a garejin Badamasi makanike da ke Bagudo. Tafiyar kwana biyu kacal ya yi zuwa Kaoje, ya bar motar a gida. Washegari kuma zai kai mahaifiyarsa aikin ido Birnin Kebbi, bayan ta yi wata huɗu tana jiran layi.

"Kawu, wa ya ce a taɓa ta?"

Kawu Zainu, wanda Bunyaminu ya bar wa makullin, ya gyara tsayuwa. "Ni na ce. 'Yan Kwatano da suka saida maka motar nan sun cuce ka, ɗana. Mun buɗe gaba, fulogi ukku muka ƙirga. Ga ta da kyarma in ta tsaya."

"Haka aka ƙera ta! Silinda uku ce, lita ɗaya. Shekara shida na yi ina tuƙa irinta a Indiya, ba a taɓa buɗe injin ba."

Badamasi ya ajiye sufana a hankali. "Ukku? Da gangan?"

"Da gangan."

"Innalillahi! Tun jiya nike biɗar inda suka toshe fistin na huɗu."

"To, mayar da shi yadda yake."

Badamasi ya ɗago gaskit ɗin injin, wanda ya yage biyu wurin cirewa. Ya ce babu irinsa a Bagudo, sai an aika Kwatano, mako biyu in an yi sa'a.

Bunyaminu ya juya ya fice daga garejin. Ya nufi tasha ya kama wa tsohuwa kujerar gaba a motar haya.