Kakin Zuma a Sabulun Jinjiri

Tun da ƙuraje suka feso wa jinjirin a wuya, Inna ta ce sabulun kanti ba zai sake taɓa jikin jikanta ba. Ita za ta haɗa masa, ita da ta shekara tana yi wa unguwa sabulu. Ƙanenta mai kiwon zuma ya kawo mata dunƙulen kakin zuma, ya ce yana sanyaya fata. Ba ta taɓa aiki da kaki ba, ba ta kuma gaya wa kowa haka ba.

Ta narka shi cikin mai, ta sauke tukunya, ta tsaya amsa sallamar maƙwabciya. Kafin ta dawo man ya huce. Tana zuba ruwan soda sai haɗin ya kama nan take, har muciya na tsayawa a ciki. A da sai kafaɗa ta yi tsami kafin ya kama. Ta juye, ta yanka, ta shanya a kan kabad, amma ranta bai kwanta ba.

Da ya bushe, matar ɗanta ta sirka ruwa a baho, ta tuɓe yaron, ta ɗauko guda.

"Inna, sumul. Ashe tsufa bai ci hannun ba."

"Bakinki zai ci. Miƙo in gani."

"Ruwan zai huce, Inna."

Ta riga ta goga shi a tsumma. Yaron na kan cinyar uwar yana harba ƙafa, wuyan nan jawur. Inna ta hango wani farin ɗigo a gefen sabulun, kamar gishiri. Ta fizge, ta ɗora a kan harshe, yadda masu sana'ar ke gwadawa. Ya sare ta kamar allura. Soda ce ɗanya, mai ƙona fata. Kakin ne ya daskare ya rufe ta, haɗin bai nuna ba.

Tsumman ya kusa kai wuyan yaron.

"Ajiye."

"Me ya faru?"

"Na ce ajiye. Ba ni shi, je ki wanke hannunki da ruwa mai yawa."

Matar ta miƙa yaron, ta tsaya tana duban yatsunta, waɗanda suka soma yi mata zafi.

"Sabulun ne ya ƙi?"

"Ni na bar mai ya huce," in ji Inna, ba ta ɗago ba.

Ta juya yaron gaba da baya, ta duba wuya, hammata, bayan kunne. Ko ɗigon kumfa bai taɓa shi ba. Ta tsoma shi a ruwa zalla, harshenta na ta raɗaɗi.