Waƙar Minke ta Kafar Wasiƙu

"Ni fa ba inda za ni," in ji Minke, ta kafe a ƙofar gida mai lamba goma sha huɗu.

"Wuce mu tafi," na ce mata, "sauran yara har sun kai gidan mai burodi."

"Su je mana."

Ranar fitilu ce, sha ɗaya ga Nuwamba, duhu ya fara shiga. Yaran layinmu na bin gida-gida da fitilun takarda suna waƙa, ana ba su alewa da lemo. Yayyafi ya jiƙa min gashi, ga 'yata mai shekara shida ta ƙi motsi. A jikin ƙofar an manna takarda: "Akwai mara lafiya. Don Allah bana a tsallake mu."

Gidan Malama Renske ne. Shekara talatin da biyu ta yi tana koyar da 'yan ajin farko, da ta yi ritaya kuma ta mai da falonta aji. Duk Laraba da yamma yaran layi kan zauna a kan dardumarta suna cin biskit mai citta, ita kuma tana jefa musu tambayoyi. Idan ƙawarki ta yi zane mummuna ta tambaye ki, za ki gaya mata? Ba ta taɓa ba su amsa ba. Ni na sha wahalar abin, don tun da Minke ta fara zuwa ajin, ko wanka na ce ta yi sai mun yi shari'a.

"Mama, ke kika ce in an yi alkawari a cika."

"Ni na ce."

"Na yi wa Malama alkawari tun lokacin zafi, na ce bana ni kaɗai zan yi mata waƙa. Kuma ke kika ce in mutum ya ce kada a dame shi, a ƙyale shi. To wanne zan bi?"

"Wanda nake gaya miki yanzu! Mura ce take yi, in ta warke kya yi mata."

Ta ɗago ta dube ni. Raina ya ɓaci, da ita, da kaina, da tsohuwar da ta koya mata irin wannan kallo. Kafin in kamo hannunta ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen dakali, ta ɗaga murfin 'yar kafar da ake zura wasiƙu, ta kafa baki ta fara waƙa ƙasa-ƙasa.

Ba ta kai rabi ba ƙofa ta buɗe. Douwe ne, ɗan Malama, mutum mai shekara hamsin da wani abu, idanunsa jawur. Ni ya harara.

"Hilke, ke ma ba ki iya karatu ba ne? Kwana uku ba ta runtsa ba, yanzun nan barci ya ɗauke ta!"

Na fara ba shi haƙuri, sai wata siririyar murya ta fito daga falo.

"Kai yaron nan, wa kake wa ihu a ƙofata?"

"Mama, hutu kike bukata."

"Hutu na nan gaba jingim, zan yi har ya ishe ni. Shigo da mawaƙiyar."

An kawo mata gadon asibiti falo, kusa da taga. Ta rame har na kasa kallon wuyanta. Ɗakin na warin magani da gahawar da ta huce. Minke ta tsaya a gefen gado, ruwa na ɗiga daga rigarta.

"Kin ga takarda?" in ji Malama.

"Na gani."

"Kika yi waƙa duk da haka. Me ya sa, sarkin taurin kai?"

"Na ce in na tashe ki, gobe sai in ba ki haƙuri. In ban yi ba kuma..." Ta saci kallona. "Mama ta ce mura ce. Amma ba a kawo gado falo don mura."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Malama ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, Douwe ya tallabo kanta ya ba ta ruwa.

"Malama, daidai na yi?"

"Kin tashe ni daga barci mai daɗi, kin ɓata wa Douwe rai, shi kuma don ni ya rubuta takardar. Ni kuma na ji daɗi ƙwarai. Duka biyun sun faru. Ke me kika gani?"

"Ni ban sani ba! Ke ki faɗa!" Minke ta buga ƙafa, hawaye ya ɓalle mata.

"Haba Malama," na ce, muryata ta fi yadda na so ƙarfi. "Ko yau ɗaya ki ba yarinyar nan amsa mana!"

"In na ba ta yau, jibi wa za ta tambaya? Ƙarasa min waƙata, Minke."

Ta ƙarasa cikin shessheƙa. Douwe ya laluba kicin ya rasa alewa, ya miƙa mata ayaba ɗaya bai ko kalle ni ba.

Ranar Juma'a da hantsi Malama Renske ta rasu, rediyo na kunne a gefenta. Da na ɗauko Minke daga makaranta na gaya mata a kan hanya, ban ɓoye komai ba. Tana bayan kekena, da muka wuce gada ta tambaye ni.

"Da na bar ta ta yi barci, da ba ta mutu ba?"

"A'a. Wannan kam na sani, ba waƙarki ba ce."

"To amma daidai na yi?"

Na buɗe baki in ce e, na tuna idanun Douwe. Na taka keke da ƙarfi, ina jin haushin matar da ta tafi ta bar ni da wannan aiki.

"Ban sani ba, Minke. Amma na ji daɗi da kika yi."

Ran Litinin wasu maza biyu suka zo da farar mota suka kwance gadon, suka fita da shi gunduwa-gunduwa. Da suka tafi Minke ta tsallaka titi, ta ɗora goshinta a gilashin tagar. Na je na tsaya a bayanta. Falon ya yi fili, ba komai sai shatin ƙafafun gado huɗu a kan kafet, rana ta kwanta a tsakaninsu.