Dankalin Inna Larai Ba Yaji

Ruwan asuba ya ɗauke, tsakar gida sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Furera tana durƙushe a madafa tana fama da itacen da ya sha danshi, hayaƙi yana shigar mata ido. Amma ba wutar ce damuwarta ba. Damuwarta tana can kwance a kan tabarma a ƙofar ɗakin surukarta, wato Isyaku, ɗanta na fari, wanda ko shekara huɗu bai cika ba.

Zazzaɓin cizon sauro ne ya kwantar da shi. An kai shi asibiti a Kunci, zazzaɓin ya sauka, sai dai ya tafi da cin abincin yaron. Koko ya ƙi. Ɗumame ya kau da kai. Ma'aikaciyar asibitin ta faɗa mata ƙarara cewa maganin ba a shansa ciki ba komai, a nema masa abin da zai gina jiki, ƙwai in da hali. In kuwa ya ci gaba da ƙin ci, a dawo da shi a sa masa ƙarin ruwa. Furera ta ga yadda ake laluben jijiya a hannun yara a ɗakin nan, kuma ba ta son a yi wa nata.

To, ƙwai akwai. Jiya mijinta Tasi'u ya tarar da sheƙar zabinsu a gindin sabara yana noma, ya kwaso a hula. Dankalin turawa ma akwai, ya sayo a bakin hanya ranar da ya kai ragowar waken bara kasuwar Dawanau. Abin da babu shi ne hanyar da abincin zai bi ya shiga bakin yaron. Inna Larai, mahaifiyar Tasi'u, tun tasowarta ta san ba a ba yaro ƙwai, wai yana koya masa sata, kuma ba ta taɓa sauka daga kan wannan ba. Ga kunyar ɗan fari. A gaban suruka Furera ba ta isa ta ɗora shi a cinya tana lallashi ba, ko sunansa ba ta kamawa, balle ma sunan marigayi mijin Inna aka mayar masa. Yaron kuwa tun da ya yi ciwo ya tare a wurin kakarsa, ko nan da can ba ya matsawa.

Wuta ta kama. Furera ta fere dankalin, ta ware kaɗan ta yanka ƙanana ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, sauran ta yi musu manyan yanka. Ta tafasa su sama-sama da gishiri, ta tsane a kwando.

Tasi'u ya leƙo da fartanya a kafaɗa. "A'a, yau 'yan birni muka zama? Dankali da sassafe?"

"Rage murya, Malam."

Ya hango ƙwan a cikin ƙoƙo, ya waiwaya wajen ɗakin mahaifiyarsa. "Inna ta sani?"

"Ka ga na yi kama da wadda ta faɗa mata?"

"To ni dai ban ga komai ba. In rigima ta tashi ina gona."

"Ka dai tsaya ka karya tukunna, jarumi."

Ya yi dariya ya jingine fartanyar.

Ta ɗora kasko, ta zuba man gyaɗa. Da ya yi zafi ta watsa albasa, ƙamshi ya tashi ya danne na hayaƙin. Ƙananan ta fara soyawa, tana juyawa a hankali har gefensu ya yi ja, cikinsu ya yi laushin da ko harshe zai murƙushe. Ƙwan zabo ɓawonsa tauri gare shi, sai da ta ƙwanƙwasa a bakin kasko da ƙarfi, kowane bugu tana jin kamar duk unguwa ta ji. Ta kaɗa, ta kwarara a kan dankalin, ta bar shi ya kama kafin ta wargaza shi ya bi kowane lungu. Ko ƙwayar attaruhu ba ta sa ba. Ta juye a kwanon Inna mai murfi, ta ɗora ɗan ƙaramin cokali a kai. Ɓawon ta tura cikin toka a gefen murhu ta rufe.

Sannan ta yi na sauran gida, babban kasko cike, da attaruhu da tattasai har sai da Tasi'u ya yi atishawa daga waje.

A gidan nan kwanon Inna ake fara kaiwa. Furera ta isa ta durƙusa, ta gaishe ta da kwana, ta ajiye. Ba ta kalli tabarmar ba, amma ta wutsiyar ido ta ga ɗan wuyan nan da ya rame.

Inna Larai ta ajiye carbi ta buɗe kwanon. Ta ɗanɗana, ta taɓe baki.

"Furera, attaruhu ya ƙare a garin nan ne?"

"Mantuwa na yi, Inna."

"Mantuwa? Atishawar da nake ji daga madafa fa, ta mura ce?"

Furera ta sunkuyar da kai. Kowa ya san Inna da yaji, har ɗan gwangwaninta gare ta da take ƙullewa a bakin zane. Ga shi kuwa ta fara kwance shi. In yajin nan ya sauka a kwanon, shi ke nan, aikin safiyar ya tashi a banza.

Inna ta buɗe gwangwanin, sai ta tsaya. Ta dubi yankan dankalin. Ta dubi ɗan cokalin da bai kai tsawon yatsanta ba. Ta sa yatsa ta juya wani abu rawaya-rawaya da ya manne a jikin dankalin, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta dubi jikanta. A hankali ta mayar da murfin gwangwanin ta ƙulle.

"Tashi ki tafi aikinki," ta ce.

Furera ta koma bayan zana ta ɗauki kasko kamar mai wanki, idonta a wata 'yar kafa tsakanin karare.

"Maigida," in ji Inna, don haka take kiran yaron saboda sunan mijinta da wasan jika da kaka. "Kai dai an yi ragon miji. Ba cefane, ba noma, sai kwanciya. To ka ga wannan? Nawa ne ni kaɗai. Mai ciwo ba ya ci. Zan je in kunce awaki, in na dawo na ga ka taɓa, sai na kai ƙararka wurin mai unguwa a raba auren."

Isyaku ya buɗe ido ɗaya. "Ba na so ma."

"Yawwa. Kada ka so."

Ta tura kwanon har ya taɓa gefen tabarmarsa, ta bar shi a buɗe, ta tashi tana dafa gwiwa. A garke ta yi ta faɗa da awaki, ta ba tsakar gida baya.

Yaron ya daɗe bai motsa ba. Furera tana ta salati a zuci, tana goge wuri ɗaya a kaskon da ya riga ya fita. Can sai ga ɗan hannu ya fito daga mayafi. Ya ɗauki guda ɗaya, ya jefa a baki, ya koma ya rufe ido kamar mai barci. Ya tauna. Hannun ya sake fitowa. Daga nan ya tashi zaune, ya jawo kwanon tsakanin ƙafafunsa, ya manta da cokali, ya manta da awaki.

Tasi'u ya zo zai yi magana, Furera ta ɗaga masa hannu. Hawaye ne a fuskarta, kuma yanzu babu hayaƙin da za ta ɗora wa laifi.

Sai da kwanon ya kusa komawa fari Inna ta juyo, ta dafe ƙirji.

"Jama'a ku taimaka, ɓarawo a ɗakina! Ban faɗa ba? Ban ce ƙwai sata yake koya wa yaro ba? Ga shi tun bai gama haɗiyewa ba ya fara!"

Isyaku ya ƙyalƙyale da dariya, kumatu cike, mai har haɓa. Rabon gidan da jin wannan dariyar tun kafin ciwon.

"Ni ne maigida," ya ce. "Nawa ne."

"Ka ji shi! Tasi'u, kawo maganin nan a ɗura wa ɓarawo tun cikinsa da nauyi."

Isyaku ya shanye yana yamutsa fuska, ya kora da sauran dankalin.

An shimfiɗa babbar tabarma, aka kawo babban kasko da shayi. Kafin ta zauna, Inna ta bi ta madafa da kwanon a hannu. Furera ta miƙe da sauri. Tsohuwar ta ɗauki kara ta tona tokar gefen murhu, ɓawo mai ɗigo-ɗigo ya fito fili.

"Ikon Allah. Zabin bana a murhu suke ƙwai."

Furera ta ja gefen ɗankwali ta rufe fuska, dariya da kunya suna kokawa a ƙirjinta.

"Gobe ma a yi mini irinsa," in ji Inna, tana miƙa mata kwanon. "Ƙanana haka, kuma ba yaji. Cikina ba ya son yaji kwanan nan."

"To, Inna."

Inna ta fita ta zauna a gaban babban kaskon, ta ɗebi rabonta mai attaruhu, ta kwance gwangwaninta ta barbaɗa har dankalin ya yi ja. Isyaku ya rarrafo ya jingina da ita, yana leƙen abin da ke hannunta.