Ƙunshin Muhibbat

Muhibbat ba ta yarda da kowa, kuma da haka take cin abinci. Ita ce injiniyar tsaro a wani kamfani da ke Tarauni, mai ajiye wa shagunan magani bayanansu a intanet. Ita ta dage, ta ɓata da rabin ofis, sai da aka mayar da babban makullin bayanan ya zama yatsanta kaɗai ke buɗe shi. Kowa ya yi ƙorafi sai ta ce riga-kafi ya fi magani.

Ranar ƙunshin bikin ƙanwarta a Gyaɗi-Gyaɗi, Gwaggo Iyatu ta kamo ta ta zaunar a tabarma.

"Yayar amarya da fararen hannuwa? Ba dai a gidan nan ba."

Aka lafta mata lalle hannu da ƙafa, aka ɗaure da leda. Ta zauna kamar kazar da za a kai kasuwa.

Lallen ya jima da kamawa sai wayarta ta yi ƙara. Aka kara mata a kunne. Ikechi ne, abokin aikinta.

"Muhibbat, wani ya kutso mana, yana kwashe bayanan marasa lafiya. Ki rufe yanzu."

Ta yage ledar da haƙori, ta wanke hannu a bokiti, ta sa aka miƙo mata kwamfutarta. Ta ɗora yatsa. Na'urar ta ce ba ta san ta ba. Ta goge shi da zani, ta sake ɗorawa. Lallen ya rine zanen yatsan, ya yi jawur har ya doshi baƙi.

"Babu wata kalmar sirri ta ko-ta-kwana?" Ikechi ya tambaya.

"Ni na soke ta," ta ce.

Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Cikin bayanan nan akwai sunayen mutanen unguwa da cututtukan da suke ɓoye wa har iyalansu. Ta dirje yatsan da lemon tsami da toka har ya yi jini, na'urar dai ta ƙi. Mata na ta guɗa a tsakar gida, ƙafafunta har yanzu a cikin leda.

Gwaggo Iyatu ta zo wucewa, ta ɗaga hannun ta duba shi a haske.

"Masha Allah, ya kama," ta ce. "Wannan sai ya yi wata bai goge ba."