Tef Ɗin Awo a Ɗakin Jirage

Shekara talatin da huɗu Lindsay Pascoe ya yi yana ba jiragen ƙasa hannu a tashar Maryborough, kuma da ya yi ritaya bai rabu da su ba, sai dai ya koma wa ƙanana. Ɗakin baya, inda 'yarsa Narelle ta girma, shi ya cika da teburin katako daga bango zuwa bango. A kai akwai layin dogo mai zagaye biyu, da gonakin rake da ya haɗa da tsinken tsintsiya ya shafa musu koren fenti, da tasha, da wata gada da ta ci masa wata bakwai. Duk wanda ya kira su kayan wasa, ya yi sallama da shiga ɗakin.

Tun farkon shekara yake juya magana ɗaya a ransa: ya bar abin yadda yake, ko ya huda bango layin ya fita baranda, ko kuwa ya rushe duka ya sake tsari tun idonsa na ganin ƙananan kusoshi. Matarsa Coral ta ji zancen har ya gundure ta.

"Ka huda bangon nan," take ce masa, "sai ka nemi inda za ka riƙa cin abinci."

Wata Talata da rana tsaka sai ga Narelle, ba tare da mijinta Darryl ba, ba ta kuma ce tana tafe ba. Daga Bundaberg tafiyar fiye da awa ɗaya ce, kuma ba a san ta da rufe shagon gyaran gashinta ranar aiki ba. Ta sha shayi da uwarta a kicin, murya ƙasa-ƙasa, sannan ta shigo ɗakin jiragen, ita da ko leƙe ba ta saba yi ba.

"Baba, teburin nan ana iya raba shi gida-gida?"

"Don me?"

"Na ga wasu suna yi. Gunduwa-gunduwa, yadda mutum biyu za su iya ɗauka."

"Su kai shi ina?"

"Tambaya kawai na yi, Baba."

Da yamma Coral, wadda ta shekara goma sha tara tana ƙorafin warin gam, ta ce ai garejin ya fi ɗakin faɗi, motar ma za ta iya kwana a waje, ba cizon sauro take tsoro ba. Lindsay ya dube ta ta saman tabarau. Ruwa ba ya tsami banza.

Talatar da ta biyo baya ya dawo daga kantin kayan gini ya tarar da motar Narelle a ƙofar gida. Ya shiga ta baya a hankali. Daga ɗakin jiragen ya ji ƙarar tef ɗin awo yana komawa gidansa, ya ji Coral tana cewa, "Rubuta da sauri kafin ya dawo." Ya tsaya a baranda ya yi tari, sai ga su sun fito suna zancen farashin tumatir. Bayan Narelle ta tafi ya duba ɗan littafin da yake rubuta lambobin taragu. An yage shafi ɗaya, amma bakin biro ya bar sawu a na ƙasansa. Ya goga fensir a kai, lambobi biyu suka fito: 107 da 203.

Ranar Alhamis, kamar kullum, ya sayi kek mai kwakwa ya tafi gidan tsofaffi wurin Merv Tolhurst, tsohon direban jirgi da suka yi aiki tare tun suna samari. Ƙananan jiragen Merv suna cikin kwalaye a rumbun ɗansa shekara biyu ke nan. Lindsay ya kwashe labarin duka ya gaya masa, har da takardar.

"Gunduwa-gunduwa ta ce?" Merv ya girgiza kai yana kakkaɓe kwakwa daga rigarsa. "Haka nawa iyalin suka fara, mutumina. Yau a rage nan, gobe a gyara can. Kafin ka farga kana cin abincin dare ƙarfe biyar da cokalin roba."

"Kai ai ka faɗi a banɗaki sau biyu. Ni ƙalau nake."

"Kai ka ce ƙalau kake. Mu ga takardar."

Merv ya riƙe ta nesa da fuskarsa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya buga katifar da yake zaune a kai.

"Awon gado ne wannan. Irin wannan, na mutum ɗaya. Yaushe rabonka da likita?"

"Watan jiya. Gwajin jini ne kawai."

"Wa ya karɓo sakamakon?"

Lindsay ya tuna Coral ce ta ɗauki wayar ranar, ta ce an ce komai lafiya.

A hanyar gida ya riƙa lissafa abubuwa. Coral ta daina sa masa gishiri a ƙwai. Ta hana shi hawa tsani ya share magudanar rufi. Jiya ma ta bar masa gefen naman da yake da kitse, abin da ba ta taɓa yi ba, kamar mai cewa ci abinka, saura kaɗan. Kwana uku bai kunna jirgi ko ɗaya ba. Yakan shiga ɗakin ya tsaya yana auna wurin da ido, yana ganin inda za a ajiye gadon, kusa da taga, inda gonakin raken suke.

Ranar Lahadi Narelle ta sake zuwa ita kaɗai. Coral ta gasa cinyar rago da dankali. Lindsay ya bari sai da aka zuba wa kowa, sannan ya ciro takardar ya shimfiɗa ta kusa da kwalbar gishiri.

"Wata nawa likita ya ba ni?"

Coral ta ajiye wuƙa. "Me kake faɗa haka, Lindsay?"

"Shekara talatin da huɗu ina karanta alamu, ban taɓa haɗa jirage biyu a layi ɗaya ba. Kuna ƙus-ƙus a kicin, kuna auna mini gado a bayan idona. In mutuwa zan yi, a gaya mini a teburin gidana. In kuma wurin Merv za ku kai ni, shi ma a faɗa."

Uwa da 'ya suka dubi juna. Narelle ta ture farantinta.

"Gadon nawa ne, Baba."

"Naki?"

"Mun rabu da Darryl tun bikin Ista. A bayan shago nake kwana, kan kujerar wanke kai, mai ginin kuma ya ce in daina. Ina so in dawo gida na ɗan lokaci, in riƙa zuwa aiki daga nan."

"Tun Ista," ya ce. "Yau wata huɗu. Ni kaɗai ne bare a gidan nan?"

"Ni na hana ta," in ji Coral. "Kullum Darryl kaza, Darryl kaza, shi ya ja maka wayoyin wuta, shi ya san hannun jiragenka. Na ce a bari mu ga ko gadon zai shiga ba sai an taɓa maka komai ba."

"Zai shiga?"

"Ba zai shiga ba," in ji Narelle. "Ko ƙofar ba za ta rufu ba."

Ya tashi ya bar abincinsa. Suka same shi durƙushe a ƙarƙashin teburin jiragen da tocila, yana bin wayoyin da Darryl ya ja, ja da baƙi da rawaya, curi guda, babu ko ɗaya da aka rubuta wa suna. Yaron nan a kansa ya ajiye tsarin duka.

Bai fito ba ya ce, "Ya taɓa ɗaga miki hannu?"

"A'a, Baba."

"Wata macen ce ta shiga tsakaninku?"

"Ba kowa. Mun gaji ne kawai."

Bai gamsu ba. Amsar ta zo da sauri fiye da yadda yake so, kuma ya ga ƙafafun Coral sun motsa. Amma ya bar zancen a nan.

"Miƙo mini filaya," ya ce.

"In kana so, sai a kira shi ya zo ya kwance maka su. Ba zai ƙi ba," in ji Narelle.

"Na ce miƙo mini filaya."

Ya datse wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Washegari ya sa zarto a teburin, dab da bakin gadar, ya raba shi gida huɗu. Gonakin raken ba su tsira ba. Maƙwabcinsu ya taya shi ɗauka zuwa gareji, inda aka tarar ƙasan ya karkace, taragu suna gangarawa da kansu zuwa ƙofa, sai da ya yi mako biyu yana saka ƙananan katakai a ƙarƙashin ƙafafun teburin. Wayoyin kuwa suka kai shi har bayan Kirsimeti, kuma fitilun tashar ba su sake kamawa daidai ba.

Narelle ta tare ranar Asabar da akwati uku da na'urar busar da gashi. Ranar Litinin da safe, da Coral ta fita shanya, Lindsay ya rufe ƙofar falo ya buga wa asibitin waya, ya ce a karanta masa sakamakon jininsa da kansa, layi-layi. Matar da ta ɗauka ta ce komai lafiya, in ban da kitse da ya ɗan hau. Ya sa ta maimaita sunan da ke kan takardar da ranar haihuwa, ya yi godiya, ya ajiye.