Ranar da Aka Nuna Wudil a Akwatin Haladu

Haladu malamin dabbobi mutum ne da ba ya ba da shawara a ƙi ɗauka ya haƙura. Shekarar da aka yi wa ma'aikatan gwamnati ƙarin albashi, wasu suka sayi babur, wasu suka tafi Makka, shi kuwa ya ɗauko talabijin daga Kano. Ya kafa eriya a kan gora mai tsawon da ya wuce darbejiyar ƙofar gidansa, ya jona akwatin da batirin mota, ya girke shi a zaure. Tun daga ranar ya naɗa kansa alƙalin abin kallo na Wudil, ba tare da kowa ya roƙe shi ba.

Shiri biyu ake rigima a kansu. Ranar Talata akwai wasan Sufeto Ɗan'auta, inda ake kashe wani ko a sace wani abu, a bar mai kallo yana ta zargin kowa har sai Sufeto ya damƙo mai laifi. Ranar Juma'a da ƙarfe biyar kuma akwai Mun Gan Ku, wanda ake zuwa kasuwannin ƙauye a ɗauki hoton mutane suna harkokinsu ba su sani ba. Haladu na wannan na biyun ne, kuma duk wanda ya ce Sufeto ya fi, to ranar ya sayi faɗa.

"Ƙarya ce aka shirya muku kuna ta zare ido," haka yake ce wa Bilya tela, maƙwabcinsa. "Wanda aka kashe yau, mako mai zuwa za ka gan shi ya dawo ɗan sanda. Ka kalli Mun Gan Ku, nan ne gaskiya take, ba a koya wa kowa abin da zai yi."

Matarsa Barakatu, wadda ke kallo ta bayan asabarin ƙofar ciki, ita ma ta Sufeto ce. Ranar da aka nuno wani dattijo a kasuwar Gaya jaki ya kayar da shi, rawaninsa ya warware, Haladu ya yi dariya har da hawaye. Bayan an watse ta ce masa, "Malam, na wurin Sufeto dai da saninsu suka zo a kunyata su. Wannan tsohon fa wa ya tambaye shi? Shi ma uban wasu ne."

Ya yi mata caa, ya ce mata ba su san kallo ba, ya fita yana huci.

Abu ɗaya Haladu ke taƙama da shi fiye da akwatin nan, wato surukinsa, Malam Babba na Darki, mahaifin Barakatu. Duk Juma'a tsohon kan zo cin kasuwa, ya yi sallah, ya sauka a zauren Haladu har la'asar, kuma duk unguwa an san ba ya yi wa sauran mazan 'ya'yansa haka. Shekara goma sha huɗu Haladu bai taɓa haɗa ido da shi ba, bai taɓa kai ko ƙwayar gyaɗa baki a gabansa ba. Idan an kawo abinci sai ya sulale waje. Malam Babba kan ce a gaban mutane, "Yaron nan yana da kunya," kuma wannan kalmar ta fi wa Haladu ƙarin albashin daɗi.

Wata Juma'a sai ga motar 'yan talabijin a kara, kasuwar shanun Wudil. Haladu ya koma gida a guje ya sako babbar rigarsa ta shadda, ya wuce ta gaban na'urar sau uku, yana buɗe bakin wani bijimi kamar mai duba cuta. Da ya tabbata an ɗauke shi, yunwa kuma ta taso, sai ya zagaya can bayan rumfunan masu kifi, nesa da motar, ya duba gabas da yamma, ya tsuguna. Bai san na'urar tana da idon da ke janyo na nesa ya zo kusa ba.

Da aka sanar cewa Wudil za a nuna, sai da Haladu ya hana kowa sakat. Ya bi kara, ya bi bakin gada, ya bi shagon Bilya. Wanda ya ce yana da uzuri ya sha zagi. Ranar kuwa, bayan la'asar, Malam Babba ya miƙe zai nemi motar Darki, Haladu ya durƙusa kansa a ƙasa.

"Baba, da za a ɗan dakata. Shiri ne na gaskiya, babu shashanci a ciki. Ni na tsaya masa."

Tsohon ba mai kallo ba ne, amma ya koma ya zauna saboda shi.

Zaure ya cika har waje. Aka nuno gada, aka nuno shanu, mutane na ta nuna 'yan'uwansu da yatsa. Haladu na jiran bijiminsa da babbar rigarsa. Ba a nuno bijimin ba. Sai ga fuska ta cika akwatin taf, kumatu cike da soyayyen kifi, mai na bin gemu, hannun shadda an naɗe shi har kafaɗa. Mutumin ya tura yatsa biyu cikin baki ya zaro ƙaya, ya duba ta, ya suɗe, ya sake kai loma. Mai gabatarwa ya ce, "Jama'a, kifin Wudil ba ya son surutu."

Zaure ya fashe da dariya, sannan ɗaya bayan ɗaya aka tuna wanda ke zaune a kan buzu, dariyar ta mutu. Malam Babba ya riga ya juya fuskarsa ga bango yana jan carbi. Haladu ya zabura zai kashe akwatin, ya murɗa wani maɓalli daban, sai ƙarar taunar ta ƙaru. Bilya ne ya fizge wayar batirin.

Tsohon ya miƙe a hankali, ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Kada motar Darki ta bar ni." Ya sa takalmansa ya fita.

Haladu ya kori kowa. Ya zagi 'yan talabijin, ya zagi mai kifi, ya zagi Bilya da ya fara dariya. Ya rantse gobe zai je Kano ya ji wanda ya ba su izinin ɗaukar mutum yana cin abincinsa a ɓoye.

"Wa ya tambaye ni? Ni ba uban wasu ba ne?"

Barakatu ta ɗaga asabari ta dube shi. Nan ya ji maganar wa ya maimaita, kuma wannan ya fi hoton ƙona masa rai.

Juma'ar da ta zagayo ya share zaure da kansa, ya shimfiɗa buzu, ya cika buta, ya lulluɓe akwatin da tsohon zane. Aka sauko daga masallaci, aka yi la'asar, babu kowa. Can sai Bilya ya leƙo, ya ce ya ga Malam Babba a tasha.

"Ya ce a gaishe ka. Ya ce ba fushi yake ba. Nauyinka yake ji, ba ya so ka gan shi ka tuna."

Haladu ya daɗe a tsaye yana neman wanda zai huce a kansa, ya rasa, don shi ya durƙusa ya roƙi tsohon ya zauna. Ya sunkuya ya naɗe buzun, ya zubar da ruwan butar a gindin darbejiya.