Ɗa a Kaduna, Ɗa a Kalaba

Hajo ta rasa mijinta, Malam Gwadabe masaƙi, a lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa Katsina, ana ta rushe katangar ƙasa ana ɗora bulo. Ya bar mata gida a Ƙofar Kwaya da 'ya'ya maza biyu, Iro da ƙanensa Amiru. Iro ya gaji hannun ubansa, tun yana yaro a zaure yake wuni yana jefa ƙoshiya. Amiru kuwa boko aka sa shi, kansa kuma ya ɗauka.

Ana nan sai gwamnati ta yi dokar hana shigo da yadi daga ƙasashen waje, don kamfanonin saƙa na gida su yi ƙarfi. Masaƙan unguwa sun ɗauka da su ake, har sun yi murna. Ashe taimakon na masu injuna ne. Atamfar Kaduna ta cika kasuwa, ga araha ga ƙyalli, saƙin hannu sai mai son sa kawai ke nema. Kamfanonin kuma suka shiga ɗaukar ma'aikata, samarin unguwa suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya. Rannan Iro ya naɗe zarensa, ya durƙusa gaban uwarsa ya ce shi ma zai tafi.

"Allah ya tsare," abin da ta ce ke nan.

Iro ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta faɗa, balle ta nuna tafiyarsa ta dame ta. Amma tun daga ranar, in an yi sallama a zaure da murya mai kauri, sai ta dakata da abin da take yi har ta tabbatar ba shi ba ne.

Abin da ke sanyaya mata rai shi ne lissafin da ta yi wa kanta. Amiru na gab da gama sakandare, kowa kuma ya san yaran Katsina Zariya suke zuwa jami'a. Zariya a kan hanyar Kaduna take. In ta shiga mota sau ɗaya, ta ga ƙarami da hantsi, ta ga babba da la'asar. Wa da ƙane kuma za su riƙa haɗuwa ran hutu, ba wanda zai ci abinci shi kaɗai. Har ta fara tanadin zanen da za ta ɗaura a wannan tafiya.

Shekarar da Amiru zai gama, sai aka fito da sabuwar doka. Ba kowace jami'a ce za ta ɗauki ɗalibanta da kanta ba kuma. An kafa hukuma guda a Legas, ita za ta shirya jarrabawa ga ƙasar baki ɗaya, ta kuma raba gurabe. Malamin su Amiru ya ce kowa ya zaɓi jami'a fiye da ɗaya. Amiru ya zaɓi Zariya, sannan ya ƙara da Kalaba, don kawai ya ji an ce sabuwa ce, ba cunkoso.

Da sakamako ya fito, Kalaba ya samu.

"Ina ne nan?" in ji Hajo.

"Can kudu ne, Inna, kusa da teku. Sai an hau mota, a hau jirgin ƙasa, a ƙetare ruwa."

Da rana ta yi sanyi Hajo ta yafa mayafi ta nufi unguwar Gobarau, gidan ƙanen mijinta, Alhaji Babaji, wanda ke aiki a ofishin En'e, hukumar gargajiya, tun zamanin Turawa. Bayan sun gaisa, sun tambayi gida da yara da gajiya, ta faɗa masa abin da ya kawo ta.

"Alhaji, kai ka san mutane. Ka yi magana a mai da shi Zariya."

Alhaji Babaji ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Hajo, da a da ne, da gobe na shiga mota. Akwai waɗanda muka yi makaranta tare a can. Amma yanzu abin ya bar hannun wanda na sani. So suke ɗan Arewa ya ga Kudu, ɗan Kudu ya ga Arewa, kuma kada wani ya riƙe gurbi biyu wani ya rasa. Ni ban ce ba su da gaskiya ba."

"Su da suka yi dokar, 'ya'yansu a gabansu suke?"

"Wannan kuma ban sani ba," in ji shi. "Ko dai ya tafi, ko ya jira baɗi ya sake gwadawa. Baɗin ma ba tabbas."

Labari ya kai wa Iro, ya nemi hutun kwana kaɗan ya zo. Ya yi ƙiba, ga agogo, ga turmin atamfa ya kawo mata mai zanen ganye. Bayan an ci abincin rana, su ukun suna zaune a inuwar darbejiya a tsakar gida, ya kawo shawararsa da ƙarfi kamar mai magana da wanda ke bayan katanga.

"Inna, ba sai ya je ba. Kamfaninmu na neman masu ilimin sakandare, kuma ba wajen inji za a sa shi ba sai bayan ya koyi aiki. Ɗakina ya ishe mu. Duk ƙarshen wata ɗayanmu zai zo ya gan ki."

Abin da Hajo take so ke nan, an kawo mata har gida. Ta dubi Amiru. Kansa a sunkuye, yana wasa da tsinke a ƙasa.

"Kai mi ka gani?"

"Duk abin da kika ce, Inna."

Ta san da gaske yake. In ta ce ya zauna zai zauna, ba kuma zai taɓa yi mata gori ba. Ta ce su bar ta ta yi tunani.

Washegari da hantsi Iro na zaune a bakin zaure, ya ba ta baya, yana duba tsohuwar masaƙar ubansa da gara ta fara taɓawa. Ta tsaya a bayansa da kwanon koko.

"Ga koko nan."

Bai juyo ba. Ta sake faɗa. Shiru. Ta matsa har inuwarta ta faɗa kan hannunsa, sannan ya ɗago da sauri yana murmushi.

"Tun ɗazu nake magana," ta ce.

"Ban ji ba, Inna. Ƙarar injuna ce. In mutum ya fito sai kunnen ya yi ta kuka, amma yana washewa." Ya ɗan yi dariya. "Can ciki da hannu muke magana."

"Yana washewa?"

"Da yana washewa. Yanzu dai na dama ne ya ɗan yi nauyi."

Ta ajiye kwanon ta koma ciki. Wannan yaron, da, ko zare ɗaya ya tsinke a masaƙar ubansa daga ɗaki yake ji. Ta zauna a bakin gado ta daɗe. Tana so ta fita ta kama kansa ta duba kunnen kamar yadda take yi wa Amiru, amma ba ta taɓa yi ba, ba ta kuma san ta inda za ta fara ba.

Da azahar ta kira Amiru ta ce ya fara shiri, Kalaba zai tafi. Iro ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa hannu. Bai sake tayar da zancen ba.

Tare suka tafi, don Iro ne zai sa shi a jirgin ƙasa a Kaduna. Ba ta raka su tasha ba. A bakin zaure ta tsaya har suka sha kwana, babba ɗauke da akwatin ƙarami a ka.

Gidan ya yi mata girma. Takan dafa tuwo ya kwana, don hannunta bai saba da awon mutum ɗaya ba. Amiru ya faɗa mata can ruwan sama ba ya ɗaukewa, saboda haka ko da rani, rana na dukan kwano, sai ta kama kanta tana tunanin ko rigarsa ta bushe. Abin da ya fi damun ta shi ne ba ta iya hango shi. Iro ko ba komai ta taɓa ganin Kaduna. Amiru kuwa in ta rufe ido, ba ta san a wane irin ɗaki za ta ajiye shi ba, ko wace irin hanya yake bi.

Wata rana maƙwabciyarta Mairo ta ce ai sabuwar malamar makarantar 'yan mata, mai hidimar ƙasa da ke haya a gidansu, 'yar can wajen Kalaba ce. Hajo ba ta jira an kawo ta ba, ita ta je. Ta tarar da yarinya siririya, leɓɓanta sun tsattsage saboda zafi da bushewar gari, Hausarta ba ta wuce gaisuwa da cinikin kasuwa ba. Sunanta Afiyong, amma Hajo Malama take ce mata.

Da hannu da guntun kalmomi suka fara. Malama ta nuna mata girman kogin da ake ƙetarewa da hannuwa biyu, ta kwaikwayi yadda jirgin ruwa ke tangaɗi, ta ce jami'ar ba ta da nisa da gidan uwarta, akwai itatuwa, akwai masallaci a unguwar Hausawa. Hajo ta sa aka maimaita mata maganar masallacin. Daga nan kullum la'asar Malama na gidanta. Tuwo ya daina kwana. Hajo ta ba ta man kaɗanya don leɓe, ta koya mata ɗaurin kallabi. Wani lokaci Malama kan zauna tana kallon hanya, Hajo ba ta tambayar ta, ta san wa take tunawa.

Da hidimar ta ƙare, Malama ta zo sallama. Hajo ta haɗa ƙulli biyu. Ɗaya na Amiru, kuka da daddawa da kilishi. Ɗaya na uwar Malama, goro da garin ɗanwake da kwalbar man shanu.

"Ki ce mata na gode da aro," in ji Hajo. "Ki ce mata nawa yana hannunta. Ba ya son yaji da yawa, amma ba zai faɗa ba."

Malama ta rungume ta tana hawaye, abin da ba a saba yi ba a unguwar. Hajo ta bar ta ta yi.

Da damina ta kama, Amiru ya zo hutu, ya rame, ya ƙara tsawo. Ya ce kusan duk Lahadi a gidan su Malama yake cin abinci, tsohuwar kuma takan ware masa miyarsa daban kafin ta zuba barkono. Hajo ta yi ta tambayar sa yadda matar take, da yadda tsakar gidanta yake, har ya gaji.

"Ita Malamar fa? An ba ta aiki? Ta ce za ta dawo?"

"Ba ta ce ba, Inna."

Hajo ta gyaɗa kai, ta tashi ta shiga madafa. Hutun Iro bai zo daidai da nasa ba a wannan shekarar, sai bayan Amiru ya koma sannan ya samu zuwa.